Sa Hannun Yaya

Su biyu suka rubuta manhajar, Auta da yayansa, amma sa hannun na Yaya ne. Manhaja ce mai karanta wa makafi abin da ke fuskar kwamfuta. Kowane sabon gyara sai an buga masa hatimin lantarki, wato shaidar da ke tabbatar wa kwamfuta cewa daga hannun amintacce aikin ya fito. Mabuɗin hatimin yana cikin wata 'yar na'ura kamar filas, kalmar sirrinta kuwa Yaya kaɗai ya sani. Auta ya sha yi masa tsiya, wai ya fi tsohuwa iya ɓoyo. Yaya yakan ce ya bari sai ya yi gemu.

Sai ciwon zuciya ya ɗauke Yaya, yana zaune a kujerarsa ta aiki.

Ana share makoki, mutane suka fara kira: manhajar tana yankewa a tsakiyar jimla. Auta ya gano matsalar ya gyara, amma ba kwamfutar da za ta karɓi gyara ba hatimi.

Matar Yaya ta kawo na'urar. A aljihun rigarsa da ta kasa wankewa ta tsince ta. Suka zauna a ofis, fanka na ta ƙara a kansu. Auta ya gwada sunan 'yar Yaya a matsayin kalmar sirri. Ya gwada sunan da Yaya ke kiran matar da shi, wanda ta faɗa da ƙyar, kanta a sunkuye. Daga nan na'urar ta kulle kanta, kullewar da ba buɗewa.

"Ashe ban gama saninsa ba," in ji ta. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Kamfanin da ke ba da shaidar ya yi ta'aziyya, sannan ya soke shaidar Yaya, wai ba a gadon sa hannu. Sabuwa ta fito da sunan Auta.

Da ya aika gyaran, wani tsohon malami makaho ya kira. Kwamfutarsa ta karanto masa baƙon suna, shi kuwa Yaya ya taɓa ja masa kunne kada ya yarda da kowane suna sai nasa.

"Yaro, ba ni yayanka."

Auta ya faɗa masa rasuwar. Tsohon ya yi doguwar addu'a. Ya ce a yi haƙuri, zai zauna da tsohuwar manhajar, ko tana yankewa.

Auta bai matsa masa ba. Ya ajiye wayar, ya ci gaba da amsa sauran masu kira.