Angon Hajiya Baraka

Shekara biyu Ma'u ta yi tana koya wa ɗanta Umair cin abinci da hannunsa, surukarta Hajiya Baraka ta zo ta rushe aikin kafin sati ya zagayo.

Umair shekararsa takwas. An haife shi da lalurar nan da likitoci ke kira Dawun, wadda ke sa komai na yaro ya zo a makare: tafiya, magana, har riƙe cokali. Ma'u ta sha fama kafin ya iya sa takalmi da kansa. Ana cikin haka aka yi wa mijinta Nu'uman canjin wurin aiki zuwa Funtuwa, sai Juma'a yake zuwa, ga ta da goyon jaririya Ramla. Shi ya kawo shawarar mahaifiyarsa ta taso daga unguwar Ƙofar Sauri ta dawo gidansu a unguwar Kambarawa.

Tun ranar farko Hajiya ta ga Umair yana kokawa da tuwo, miya har kunne, ta janye kwanon.

"Haba Ma'u! Bawan Allah irin wannan ki bar shi yana wahala? Zo nan angona, buɗe baki."

Umair kuwa ba wawa ba ne. Da ya gane ya samu hadima, sai ya ajiye aiki gaba ɗaya. Da safe mai keken da ke kai shi makaranta yana ta zuba oda a ƙofar gida, shi ko ya baje a tabarma ya miƙe ƙafafu, yana jiran a sa mishi takalmi. In Ma'u ta harare shi sai ya kwaɗa kira: "Kaka!"

Ta kira Nu'uman a waya, Ramla na tsala ihu a bayanta.

"Baban Umair, ka yi wa Hajiya magana mana."

"In ce mata me? Ta daina son jikanta? Haƙuri za ki yi."

"Kai da ke Funtuwa ai haƙuri ba ya maka wuya," in ji ta, ta kashe wayar.

Ranar Laraba malamar ajinsu Umair ta tare Ma'u a makaranta. Wai kwana biyun nan ba ya taɓa abincinsa lokacin tara, sai dai ya wangale baki yana kallonta. Da yunwa yake wuni.

Ma'u ta dawo gida ranta na tafasa. Ta durƙusa ta gaishe da Hajiya yadda aka saba, sannan ta faɗa mata abin da malama ta ce. Hajiya ta ɓata rai.

"Wato ni na lalata miki ɗa. To a samo mini mai keke in koma ɗakina, dama ban ce a ɗauko ni ba."

"Ba haka nake nufi ba, Hajiya. Amma daga ni har ke ba wanda zai dawwama. Ranar da ba mu nan, wa zai riƙa ba shi a baki?"

Hajiya ta shige ɗaki, ko abincin rana ba ta fito ta ci ba.

Da la'asar aka zuba wa Umair shinkafa da miya, ya wangale baki yana jira. Hajiya ta fito ta zauna gabansa, ta naɗe hannu.

"Kai wane irin ango ne? A garin nan miji ke ciyar da mata. Ni za ka ba."

Abin ya yi wa Umair daɗi. Ya ci cokali ɗaya, ya ba Hajiya ɗaya, rabi a bakinta, rabi a mayafinta, saura a kan kafet ɗin da Ma'u ta wanke jiya. Ma'u ta dubi jan man da ke nitsewa cikin kafet, ta tafi ɗebo ruwa da omo.

Kafin ta dawo, Umair ya cika cokali fal ya nufi Ramla da ke kwance a katifa, wadda ko kunu ba ta fara sha ba.

"Kai, Umair!" Ma'u da Hajiya suka faɗa a tare, suka yi kansa a guje.