Ranar da Aka Kori Hadi Daga Daudawa

Maharazu tela ne a Faskari, mutum mai kunya, ko a gardamar bakin kasuwa ba ya sa baki. Da yamma yakan je ajin Yaƙi da Jahilci wurin Malam Harisu, kuma can ne malamin ya zaɓe shi ya riƙa fitowa a matsayin Hadi cikin wasan kwaikwayon da ya rubuta.

Hadi saurayi ne da bai taɓa kuskure ba. Ya fi kowa sanin noma da kiwo da magani, kuma ko yaya aka fara, da godiyar dattawa gare shi ake ƙarewa. Malam Harisu na son Hadi kamar ɗan cikinsa. Mutane kuwa, da ya buɗe baki sai tsaki.

"Malam, ba su son yaron nan fa," in ji Maharazu.

"Za su saba," Malam ya ce, ya ƙara wa Hadi magana.

Da kakar auduga suka kai wasan kasuwar Daudawa. Yawancin waɗanda suka kewaye su ba su taɓa ganin wasan kwaikwayo ba. Audi, ɗan ajinsu, ya shafa toka a gemu ya duƙa bisa sanda, sai ka rantse tsoho ne tukuf. Aka zo inda Hadi zai ƙwace fartanyar tsohon, ya jefar, ya ce masa furfurar banza. Maharazu ya jefar da fartanyar, ya faɗi maganar.

Wani makiyayi ya sauke sandarsa daga kafaɗa.

"Kai, ɗan wa ne wannan? Mi tsohon ya yi mashi?"

Maharazu ya waiga, Malam Harisu na yi masa nuni da hannu ya ci gaba. Hogen ƙasa da wani ya jefo ya fashe a ƙirjin Maharazu, na biyu ya cire masa hula. Bai jira na uku ba. Ya ratsa tsakanin jakuna da buhunan auduga, ihu na bin sa: "Ku tare mara kunya!" Ya faɗa rumfar wata mai fura, Goggo Zulaihatu, ya shige bayan ƙorenta.

"Goggo, ki rufa mani asiri, wallahi wasa ne!"

Ta jefa masa tabarma a ka. Yana ƙarƙashi yana jin takunsu, salati ma ya kasa fita daidai. Wani ya buga sanda a ƙasa dab da ƙafarsa. Sai da Audi ya iso yana haki, ya wanke gemunsa da ruwan Goggo a gabansu, suka ga yaro ne ɗanye, sannan aka fara dariya. Makiyayin dai bai yi ba. Ya ce ko wasa ne, wanda ya koya masa maganar ba shi da tarbiyya.

Maharazu ya koma gida a ƙafa ta hanyar gonaki, ko ganye ya motsa sai ya zabura. Washegari ya mayar wa Malam Harisu da rigar Hadi, ya ce a nemi wani. Ba a samu ba. Malam ya sa rigar da kansa ya tafi Mabai, ya dawo da goshi a kumbure, yana cewa mutanen can ma ba su fahimci yaron ba.