Bugu Biyu na Saja Sila

Wayar ta sake ruri a aljihun Arzika tela, karo na uku tun safe, yana tsugune a bakin gadon maƙwabcinsa Saja Sila da cokalin kunu a hannu. Kunun bai shiga ba, ya bi gefen baki ya sauka kan matashi. Leah, ƙanwar majinyacin, ta dubi aljihun ta kawar da kai.

Duk layinsu Arzika kaɗai ke da wayar hannu, don haka ta wurinsa Gladys, 'yar Sila, ke neman mahaifinta daga can ƙasar Larabawa, inda ta tafi gasar kokawar judo ta ƙasashen Afirka. Ya miƙe ya je bakin taga, nan kaɗai sabis ke kamawa a ɗakin.

"Baba Arzika, na kayar da ta uku! Saura wasan ƙarshe, ƙarfe huɗu. Ina Baba?"

"Ya tahi gona, ɗiyata."

"Jiya gona, shekaranjiya coci. Ba ruwa ake yi ba? Ina jin ƙararsa a kwano."

"Kin san tsohon soja. Ruwa mi za ya yi mishi?"

Ya kashe wayar yana istigfari. Tela ne, ƙaryar "dawo gobe" ba baƙuwarsa ba ce, amma wannan ta fi ƙarfin sana'a.

Kwana biyar ke nan da Sila ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Asibiti suka ce a koma gida a yi addu'a. Kafin harshen ya ɗauke gaba ɗaya, ya damƙi wuyan rigar Arzika da hannun hagu. "Kar ka gaya mata. Sai ta sauka daga tabarmar gasa. Rantse!" Arzika ya rantse, don shi ma numfashinsa ya fara sarƙewa.

Shekara ashirin suna katanga ɗaya. Sila ya yi kokawa a bikin kaka na Uhola yana saurayi, soja ta ɗauke shi, a bariki ya koyi judo, ya dawo Zuru da baƙar ɗamarar gwanayen judo da taurin kai. A tsakar gidan nan ya horar da Gladys kan buhunan ƙaiƙayi, unguwa na dariya wai Saja na koya wa mace dambe. Arzika ne ya ɗinka mata rigar wasa ta farko da tamfol, allura bakwai ya karya, har yau yana mita. A lokacin ne Sila ya koya masa doka ɗaya ta wasan.

"In an shaƙe ka, ka ga babu mafita, ka buga sau biyu, ko a tabarma ko a jikin mutum. Dole ya sake ka. Ni kuwa ban taɓa bugawa ba."

"Sai mutuwa ta sa ka, Saja," Arzika ya ce masa ranar, suka yi dariya.

Yanzu Leah ta matso kusa. "Malam Arzika, ka gaya wa yarinyar nan. In ya tafi ba su yi sallama ba, da wane ido za ka dube ta?"

"In na hwaɗi, ta hau tabarma da kuka, wahalar shekara goma sha biyu ta tahi banza. In na yi shiru..." Gaba kura, baya siyaki. Haushin Sila ya kama shi ƙwarai, mutum ya ɗora maka kaya sannan ya kwanta ya yi shiru.

Suka ja gadon zuwa ƙarƙashin taga. Arzika ya yi azahar a bakin ƙofa, ya yi la'asar a nan, bai ko leƙa shago ba. Ɗakin ya cika da warin man zafi da ɗanyar ƙasa, rufin yana ɗiga cikin wata tasa a kusurwa. Huɗu ta yi, ta wuce. Numfashin Sila ya koma ja da kyar, yana tsayawa har sai Leah ta dafe ƙirji, sannan ya dawo. Arzika ya riƙe masa wuyan hannun hagu gam.

"Riƙe, Saja. Kai ka ce ba ka bugawa. Kada ka bar ni da ita."

Biyar da 'yan mintuna wayar ta yi ƙara.

"Lambar azurfa, Baba Arzika, na zo ta biyu." Muryarta ta dusashe. "Ta shaƙe ni, ban buga ba, sai da alƙalin wasa ya tsayar. Ba ni Baba. Don Allah kar ka ce gona."

Ta sauka daga tabarma, rantsuwa ta sauka daga wuyansa. Sai kawai ya kara wayar a kunnen Sila. Daga inda yake yana jin muryar siririya.

"Baba, ban buga ba. Ka ji? An rataya min lamba, an ɗaga tutarmu. Baba, ka yi magana mana."

Hawaye ya gangaro daga ido ɗaya. Hannun hagun ya motsa, ya ja na Arzika tare da shi zuwa sama, har yatsa ya sami bayan wayar. Ƙwas. Ƙwas.

Arzika ya mayar da wayar kunnensa.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Kwana biyar, ɗiyata. Shi ya sa ni rantsuwa. Ki yahe mini."

Ya ji hayaniyar filin wasa a bayanta, ana tafi, ana kiran sunan wata da harshen da bai sani ba. Ya jira ta zage shi, da ma hakan ya fi masa sauƙi.

"Kana riƙe da shi?"

"Ina riƙe da shi."

"Ya buga, Baba Arzika. Ka sake shi."

Arzika ya dubi yatsunsa da suka yi shati a wuyan hannun tsohon. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya kwantar da hannun a kan zane. Leah ta fara waƙar coci ƙasa-ƙasa da yarensu. A jikin ƙusa bayan ƙofa tsohuwar rigar tamfol tana rataye, ruwan rufi kuma yana ta ɗiga cikin tasa.