Makulli a Accra, Mota a Nkoranza

Shekara ashirin da shida Darkwa yana tuƙa Maame Dufie, mai shagon atamfa a Adum, cikin Kumasi. Mota uku ya gani a hannunta, duk masu makullin ƙarfe, wanda ake zurawa a murɗa. Ta huɗun 'yarta Gyamfua ce ta aiko daga Kanada, baƙa wuluk, ba ta da wurin zura makulli a gefen sitiyari. Makullin nata wani ɗan baƙin abu ne kamar kwalin ashana. In yana jikinka, kana kama ƙofa za ta buɗe. Ka taka burki, ka danna maɓalli, injin ya tashi.

Darkwa bai yaba ba, bai kushe ba. Abu ɗaya ya ce, motar ta cika surutu. Ba ka ɗaura bel ba, ta yi ƙara. Mai talla ta matso kusa, ta yi ƙara. Kafin wata biyu ya daina sauraronta. Ita kuwa Maame Dufie ta jefa makullin a jakarta ya zauna can, tunda duk inda motar za ta, da ita ake zuwa.

Wata Juma'a aiki ya rabu biyu. Maame za ta hau jirgi zuwa Accra saboda kayanta da suka iso tashar ruwa. Yayanta kuma, Opanin Ofosu, dattijo mai shekara tamanin da ya zo a duba idonsa, dole ya koma ƙauyensu da ke bayan Nkoranza a ranar, don da la'asar za a kawo gawar amininsa, kuma shi aka ɗora wa tarbarta.

A bakin filin jirgi Darkwa bai kashe mota ba. Ya sauke mata akwati, ta rataya jakarta, ta ce, "Ka kai shi, ka juyo yau. Kada ka bari ya tsayar da kai gaishe-gaishe." Tana shigewa motar ta yi ƙara sau uku, wani rubutu ya fito a gaban sitiyari. Tabaran Darkwa yana aljihun riga, masu gadi kuma suna ta kora. Ya ja.

Sun wuce Offinso lafiya. Sai a Akomadan ya ga mai ya yi ƙasa, ya shiga gidan mai. Matar da ke zubawa ta leƙo ta kira shi Wofa, wato kawu, ta ce, "Kashe mota."

Ya kai yatsa kan maɓallin, sai ya tsaya. Ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu. Ya ɗauko tabarau ya karanta rubutun da ke gabansa tun daga Kumasi. Motar cewa take babu makulli a cikinta.

"Me ya faru?" in ji Opanin Ofosu daga baya.

"Makulli ya tafi Accra, Opanin."

"To, da me muke tafiya?"

"Da tashin da ta yi tun safe. In ta mutu, ta mutu ke nan."

Dattijon ya juya maganar a ransa, ya ce, "A zamaninmu in ka zare makulli mota tsayawa take, kamar mai hankali."

Darkwa ya kira Maame. Ta sauka ke nan, tana cikin tasi. Ya ji ƙarar zif, ya ji tana birkita jaka, sannan ta ce, "Ga shi nan kuwa. Kai ma Darkwa, ba ka tambaya?"

"Maame, ina ɗaya makullin?"

"Yana cikin kabad ɗina."

"To, a ce wani ya ɗauko."

"Makullin kabad ɗin yana nan cikin jakar. Ka juya ka mayar min da mota gida."

Opanin Ofosu ya miƙo hannu ya karɓi wayar. "Dufie, gawa ba ta jiran makulli. Zai kai ni, ya juyo." Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe ta ce, "To. Amma kada ya kashe ta. Ko ruwa zai sha, ya sha a ciki."

Mai zuba man dai ta ƙi. Ta ce ba za ta sa mai a motar da injinta ke aiki ba, ko da sarki ne a ciki. Darkwa ya fitar da motar bakin titi, ya ari jarka, ya yi sawu uku. Ya yanke gorar ruwa ya yi mazurari. Kafin ya fara zubawa sai da Opanin ya tsallaka titi ya tsaya can nesa kusa da mai gasa ayaba, ya ce daga nan ma yana iya sa albarka.

Da suka koma ciki, Darkwa ya rataya hankicinsa a kan maɓallin ya rufe shi. Haka suka wuce Techiman. Sau biyu dattijon ya sauka kama ruwa, Darkwa bai motsa daga kujera ba. Ayaba da gyaɗar da suka saya ma a kan sitiyari ya ci.

Wajen ƙarfe uku suka shiga ƙauyen. Filin ƙofar gidan mamacin ya cika da mata masu baƙaƙe da jajayen zannuwa, wasu na kuka, wasu na sharar ƙasa. Ana ganin Opanin aka yo kan motar. Wannan na cewa a matso gaba, wancan na cewa a ja baya, wata tsohuwa ta kama hannun Darkwa ta taga tana tambayarsa lafiyar Dufie. Ya tsaya a tsakiyar filin, ya mayar da giya wurin tsayawa, ya ja numfashi. Ya zari hankici ya goge zufa. Sannan ya danna maɓallin, kamar yadda ya saba duk inda ya isa.

Motar ta yi tsit.

Opanin Ofosu, ƙafarsa ɗaya a waje, ya waiwayo. "Darkwa, me na ji?"

"Ba ka ji komai ba, Opanin. Matsalar ke nan."

Ya taka burki ya danna, ya sake dannawa. Rubutun nan dai ya fito. Maza shida suka zo turawa, tayoyi suka ƙi juyawa. Wani makanike ya iso da filaya da guntun waya, ya ce a ba shi minti biyar ya haɗa ta ta ƙasan sitiyari ta tashi. Darkwa ya tare ƙofa ya ce sai dai ya fara haɗa shi.

Da ya kira Maame, ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Wa ya kashe?"

"Ni ne, Maame."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

Ta ce ba za ta ba baƙo makullin motarta ba, ya jira har ta samu wanda ta sani. Ta kashe waya.

Inda motar ta tsaya kuwa, nan ne daidai wurin da za a kafa rumfunan makoki. Da aka rasa yadda za a yi, sai aka kafa su kewaye da ita. Ranar Asabar baƙi suka yi ta zuwa suna bin layin gaisuwa, suna zagaye baƙar mota a tsakiyar fili. Wasu suka ɗauka ta marigayin ce, suka ce ashe mutumin ya tara abin duniya a ɓoye. Ƙofofin ba sa kulluwa, don haka Darkwa ya ajiye kujera a gefenta ya zauna gadi. Eno Pokuaa, matar Opanin, ta kawo masa fufu da miyar gyaɗa, ta ga kujerar baya ba kowa, ta zuba jakunkunan ƙawayenta a ciki. Zuwa yamma shi ne mai ajiyar kayan rabin matan garin.

Sai ranar Litinin, bayan Maame ta dawo Kumasi, makullin ya iso, a hannun wata maƙwabciyar shagon Maame da ke kan hanyarta ta zuwa Tamale. Darkwa ya hau babur zuwa tashar Techiman, ta miƙo masa ta tagar bas, an naɗe shi cikin leda uku. Ya dawo ya tarar an kwashe rumfuna, motar ita kaɗai a fili, kaji na kiwo a ƙarƙashinta. Dannawa ɗaya ta tashi. Eno Pokuaa ta sa aka cika but da doya.

Da ya isa Kumasi, Maame Dufie ta riga shi dawowa. Ta zagaya motar sau biyu, ta shafa ƙofa, ta leƙa but ta ce ƙasar doya ta ɓata mata shimfiɗa. Ta sa aka sauke doyar, ta ware masa guda biyar. Sannan ta zauna a kan benci ta ce, "To, tunda ka kwana uku a can, zauna ka ba ni labari. Su wa suka zo? Kuma wane zane iyalan suka ɗaura?"