Silon Motar Baba Direba

Rabin ƙarfen yana tafin hannunsa lokacin da na shigo, ɗaya rabin ya maƙale a cikin inji. Baba Direba, maƙwabcina na shekara goma sha tara, yana zaune a ƙasa ya jingina da tayar tsohuwar motarsa, ƙirjinsa na hawa da sauka. Matarsa Inna ce ta kira ni ta katanga.

"Mai Famfo, kama min shi," in ji ta. "Wai motar ce ke shan iska. Shi da tasa iskar ta gagare shi."

Abin da ya karye bai kai ɗan yatsa ba. Wani ɗan bakin tagulla ne da ke ɗaure a jikin bututun da ke raba wa inji mai da iska, ana cusa masa siririyar tiyo. Jiri ya kwashe tsohon yana dubawa, ya dafa shi, ya ɓalle.

Na ɗauke shi cak zuwa gado. Na kuma faɗa masa gaskiya, don ban iya rufa-rufa ba: wanda likita ya sallamo ya ce a ba shi duk abin da ransa ke so, ba ƙarfe ya kamata ya sa a gaba ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shekara arba'in da shida bai taɓa barin motar nan da ciwo ba, ba zai tafi ya bar ta tana shessheƙa ba.

"Gyara min ita in ji silonta sau ɗaya, ƙarar nan da take yi a hankali in tana tsaye. Sai ka yi wa'azin har ka gaji."

Ni famfo nake gyarawa, shi ma ba a makaranta na koya ba. Amma ƙarfe mai haƙora duk ɗaya ne, na ruwa ko na mota. Na ɗauko akwatina.

Gadonsa yana jikin taga, tagar tana kallon rumfar da motar take. Daga nan yake ba da umarni, idonsa a rufe. Kada in sa abin huda a bushe. In shafe shi da giris don garin ƙarfen ya manne, domin ƙwaya ɗaya ta faɗa ciki ta isa ta cinye injin. Kwana biyu ina jiƙa guntun da baƙin mai. A na uku na goge ƙusa ta yi kusurwa huɗu, na buga ta a ramin, na murɗa hagu a hankali, guntun ya biyo.

Tsakanin umarni da umarni sai hankalinsa ya tafi. Zai ce ga hanya ta miƙe bayan ruwan sama, kwalta na tururi, farin tsuntsu ɗaya yana binsu tun daga gada. Zai ce wa Inna ta sauke gilashi, ta kuma gyara ɗankwalinta kada iska ta ɗauke. Ita kuwa tana yi masa fifita, sai ta ce ta gyara. Wani lokaci ni yake ce wa in rage gudu akwai kwana a gaba, sai in ga na sassauta hannu.

Na zagaya shaguna babu mai irin ƙarfen. Duk inda na je sai a ce in toshe ramin da noti in huta. Haka mutanen yanzu suke, ba sa gyara, toshewa suke yi. A ƙasan akwatina na samu wani bakin tagulla na bututun gas, na goge shi ya zauna daram.

Da hantsin rana ta biyar na tayar da ita. Na shafa ruwan sabulu a wurin kamar yadda nake yi wa bututu, na zuba ido. Ko kumfa ɗaya. Na je taga na ce an gama.

Muryarsa ta riga ta zama zare, sai da na sunkuya.

"Kai kana neman abin da ke fitowa. Inji ja yake yi, ba ya hurawa. Sabulunka ma ta shanye." Ya huta. "Tana nan tana tsaki. Kunnena ne ba ya kaiwa can. Kawo tiyo."

Kunya ta kama ni. Na kwance doguwar tiyon da Inna ke ba shukokinta ruwa, na zazzage ta, na zura baki ɗaya ta taga. Inna ta riƙe masa a kunne. Ɗaya bakin na riƙa yawo da shi a jikin injin, ina leƙen hannunsa da ke kan bargo. Na wuce kafireta, shiru. Na zo kan sabon ƙarfen, shiru. Da na matsa kaɗan, yatsansa ya ɗaga.

Bakin siririyar tiyon ne ya tsage, tsagar da ido ba ya gani. Na yanke misalin faɗin yatsa, na mayar, na ɗaure da waya.

Rawar da motar ke yi ta tsaya. Ƙarar ta sauka, ta kwanta, ta zama kamar numfashin mai barci. Har ganyen da ke kan rufinta ya daina motsi.

"Ka ji ta?" in ji shi. Ba da ni yake ba. "Shiga mu tafi, rana na yi."

"Na shiga, Malam," in ji Inna.

Na tsaya riƙe da tiyon ban motsa ba, don kada in katse masa. Ban san tsawon lokacin ba. Inuwar rumfar ta janye daga ƙafata. Can na ji Inna tana salati a hankali, na ga ta zare tiyon daga kunnensa ta ajiye a kan matashi, ta shafa idanunsa.

Ta ɗago ta dube ni ta taga, ta gyaɗa kai. Na zagaya na murɗa makulli. Cikin shirun da ya biyo baya, injin ya riƙa ɗan ƙyas, ƙyas yana hucewa, tazarar tana ƙara nisa.