Akuya Mai Ƙaho Ɗaya

Daga ƙofar maƙerar Gufler, dutsen ƙaho biyu gare shi, shi ya sa mutanen wannan kwari suke ce masa Akuya. In ka zagaya ɗaya kwarin, inda babbar hanya da otal-otal suke, ƙaho ɗaya yakan ɓuya a bayan ɗan'uwansa, sai ka ga tsini guda. Can Allura suke kiransa. Yaran ɓangarorin biyu sun sha fasa wa juna baki a kan sunan nan.

Akuyar ce tambarin da ake bugawa a kan duk ƙarfen da ya fita daga gidan Gufler, tun suna ƙera lauje da ƙararrawar shanu, har zuwan baƙi masu hawan dutse da suka nemi ƙusoshin takalmi da gatarin saran ƙanƙara. Yau kamfanin ya cika shekara ɗari. An kashe wuta, an share toka, an jera tebura a tsakar maƙerar.

Walburga, jikar gidan, wadda suke kira Burgi, tana zaune kusa da kakanta Kassian, wanda idanunsa suka daɗe da mutuwa. Aikinta na injiniya ta ajiye a birnin Innsbruck ta dawo ƙauye, saboda ta ji ana raɗe-raɗin za a rufe maƙerar. Baffanta Vinzenz, mai riƙe da kamfanin, shi ya dafa kafaɗarta a lokacin ya ce, "Ki zana mana gatari mara nauyi, Burgi. Na yi miki alkawari a nan za a ƙera shi, a wutar kakanki."

Ta zana. Yau za a nuna shi.

Vinzenz ya miƙe da kofi a hannu, ya yi ta jawabi a kan gado da asali har romo ya huce a kwanuka. Sannan ya janye ƙyallen da aka rufe gatarin da shi. Aka ɗauki tafi.

Walburga ba ta tafa ba. Gatarin nata ne, ƙotar da lanƙwasar duk yadda ta zana. Amma a kan ƙarfen, inda Akuya take zama, tsini ɗaya ne tsaye.

Ta dubi maƙeran. Sun gani, babu wanda bai gani ba, mutanen da suka girma a ƙarƙashin ƙahonnin nan. Amma kowa ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa, kamar a can amsar take. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan: a yanka mutum, ya tsaya yana yaba kaifin wuƙar.

Ta tari baffanta a bayan tsohon zuga-zugi.

"Baffa, daga wace taga aka zana dutsen nan?"

"Kai, Burgi! Zane ne fa. Masu talla sun ce tsini ɗaya ya fi fitowa a ƙirjin riga."

"Ban tambaye ka riga ba. Daga wace taga?"

Ya kalli cikin kofinsa. "Akwai fili a ɗaya kwarin, can bakin hanya, da za a mai da maƙera. Manyan motoci ba sa iya hawowa nan, ke ma kin sani."

"Yaushe ka saya?"

"Bara."

"Bara. Kafin ka dafa ni ko bayan ka dafa ni?"

"Ke dai da zafin kai, kamar ubanki. Ofis mai taga na tanadar miki a can."

"Mai kallon Allura."

"Dutse ɗaya ne, yarinya!"

"To je ka faɗa musu haka. Ga su can suna shan romonka."

Bai je ba. Ya ce magajin gari yana jiransa, ya sulale.

Ta koma wurin zamanta, ta tarar an miƙa wa kakanta gatarin. Ya auna shi a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa shi da farce ya kai kunne.

"Ja'ira, wannan gatari ne ko cokali?" Ya yi dariya. "Amma ya yi. Ƙarfen yana magana."

Sai babban yatsansa ya bi kan ƙarfen ya sami tambarin. Ya shafa. Ya goge yatsan a wando ya sake shafawa.

"Burgi."

"Na'am, Kaka."

Ya matso, ya rage murya don kada ya kunyata kowa a ranar biki. "Hatimin ya karye. Ƙaho ɗaya ya ɓalle. Ki gaya wa Vinzenz a sassaƙa wani kafin a buga da yawa."

Ta ƙofar da aka bari a buɗe, Akuya tana tsaye da ƙahonninta biyu, rana a kansu.

"An riga an buga, Kaka," in ji ta.