Sunan da Babu a Dutse

Yayyafi ake yi a maƙabartar birnin Belfast, irin wanda ba ya jiƙa riga sai ya fara shiga ƙashi. Fintan Devenney ya dubi waɗanda suka zo. Mutum goma sha ɗaya, har da mai riƙe da tuta. A zamanin ƙuruciyarsa, titi ake rufewa saboda su.

Al'adar jam'iyyarsu ce, kowane bikin Ista wanda ya fi tsufa ya tsaya gaban dutsen tunawa ya kira sunayen waɗanda suka faɗi domin jamhuriyar ma'aikata. Shekara ashirin ke nan Fintan yake kira, ba ya duba takarda. Sunaye ashirin da uku ne, kuma ya san hannun da ya kashe kowanne. Sojan Ingila sun kashe bakwai. Sauran, 'yan gida ne suka ci 'yan gida.

Babu sunan ƙanensa Malachy a dutsen. Da jam'iyyar ta tsage biyu, Malachy ya bi ɗaya ɓangaren, aka harbe shi a ƙofar gidan burodi. Kwamiti ya yanke kada a ƙara ambatonsa, Fintan yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Wanda ya yi harbin kuwa shi ne na sha huɗu a dutsen.

Ran Alhamis da ta wuce Nuala, matar Malachy, ta zo gidansa. Likita ya ce mata ba za ta ga rani ba. Ta ƙi zama, ta ƙi shayi.

"Yaya, ba roƙo na zo ba. Sau ɗaya ka kira sunansa da ƙarfi, in ji da kunnena."

Ya ce hukuncin kwamiti ne.

"Wane kwamiti? Rabinsu na ƙasa, rabin ba su san sunan kansu ba."

Ya san abin da zai biyo baya in ya kira. Za su kore shi, kuma ran da ya mutu ba za a lulluɓe akwatin gawarsa da tuta ba. Abin da ya rage masa ke nan bayan shekara hamsin.

Yanzu a gaban dutsen, ya kira sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ya kai na ashirin da uku. Sannan ya ɗaga murya.

"Malachy Devenney."

Ya tsaya yana jira. Ba wanda ya motsa. Wani ya yi tari, aka yi tafi kaɗan, aka naɗe tuta.

Ya waiga bakin ƙofa. Nuala tana cikin motar 'yarta, ta kasa fitowa, gilashi a rufe saboda ruwa.

Ciarán, sakataren jam'iyyar, ya matso yana gyara lema.

"Sannu da ƙoƙari, Kwamared. Na ƙarshen nan fa, ɗan'uwanka ne? Ban taɓa jin sa ba. Rubuta mini shi, mu sa a shafinmu na intanet."

Fintan ya dube shi. Ya zare farin furen takarda na tunawa da mamatan daga ƙirjinsa, ya cusa a aljihu, ya nufi motar.